SIRRIN SITUDIYO: Firiyam Na Hannu, Ji Ya Kori Gani

Duk wanda ya san harkar finafinan Hausa tun daga shekarun 1990 ya san cewa waƙa ce gishirin fim. A wancan lokaci, matashin da ke son duniya ta ji muryarsa sai ya je situdiyo ya bi layi, ya jira mai fiyano ya sallami manya, kafin a ba shi 'yan mintoci ya rera abin da ya rubuto a littafinsa. Yanzu kuwa zamani ya juya. Da kwamfuta ɗaya da makirufo ɗaya, yaro yana cikin ɗakinsa a Kano ko Jos ko Maraɗi zai ɗauki waƙa, kafin gari ya waye ta shiga wayoyin mutane. Ba mawaƙa kaɗai ba, har masu ɗora murya a kan fim, da masu fassarar finafinan Indiya, da masu karanta littattafan Hausa a YouTube, kowa so yake ya kafa ɗan situdiyonsa a gida.

To, a nan ne kuma kuɗin samari da 'yan mata da dama ke zurarewa. Ga yadda abin yakan faru. Matashi ya yi wata da watanni yana tara kuɗin ɗinki ko na tuƙin adaidaita-sahu. Ya shiga kasuwa, sai mai shago ya ɗauko wani ɗan akwati ya jona masa wuta, wata 'yar kwalba ta kama ja a ciki kamar garwashi.

"Ƙanena, wannan daga waje ya zo. In ka sa muryarka a nan, kai da manyan mawaƙa ba bambanci."

"Maigida, ba za a gwada ba?"

"Gwajin me kuma? Ba ga wuta ta kama ba?"

Yaro ya biya, ya rungumi akwati sai gida. Da dare ya jona, ya sa abin ji a kunne, sai ya ji wani "shiii" kamar ana yayyafi a kan kwano. Washegari ya koma shago, aka ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Kuɗi sun tafi, waƙa ba ta fito ba.

Wannan akwati shi ne 'yan situdiyo ke kira firiyam, kuma a kansa filin zai tsaya a wannan wata.

MENE NE AIKINSA?

Sautin da ke fitowa daga makirufo ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Wutar da yake bayarwa 'yar mitsitsiya ce, ba ta wuce kashi kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya ba, alhali na'urorin situdiyo suna aiki ne da sautin da ya kai kimanin bolt ɗaya. Aikin firiyam shi ne ya ɗaga wannan ɗan sauti har ya kai inda za a iya ɗaukarsa. Ana auna ɗagawar da desibel. Desibel 20 na nufin an ninka sautin sau 10, desibel 40 sau 100, desibel 60 kuwa sau 1,000. Mamurɗin da aka rubuta wa GAIN a jikin akwatin shi ke yin wannan aiki.

Matsalar ita ce, duk abin da ya ninka murya sau 1,000, zai ninka dattin da ke tare da ita. Firiyam mai kyau shi ne wanda zai ɗaga muryar ba tare da ya zuba nasa "shiii" ɗin a kai ba. Kusan duk bambancin mai tsada da mai araha a nan yake.

Aikinsa na biyu shi ne ba makirufo wuta. Makirufo iri biyu ne suka fi yawa a hannun matasa. Akwai dainamik, irin su Shure SM58 da ya fito tun 1966 kuma har yau ake riƙe shi a wuraren biki da gala, wanda ba ya buƙatar wuta. Akwai kuma kwandansa, irin su Audio-Technica AT2020 da Rode NT1-A da Behringer C-1, waɗanda ba za su ce uffan ba sai an danna musu maɓallin 48V.

Abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne, duk wanda ke da sawunkad, wato akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta, to yana da firiyam a ciki. Haka mai miksa. Shi kuwa firiyam na daban ba ya shiga kwamfuta kai-tsaye, sai ya bi ta sawunkad. Ke nan wanda bai da sawunkad ya je ya sayi firiyam, ya sayi sirdi ne babu doki.

GA SU NAN A FAIFAI

Na hannu da ake yawan cin karo da su a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko a Alaba ta Legas, ko wurin masu tallatawa a waya, ana iya kasa su gida huɗu.

Gida na farko su ne masu 'yar kwalba, kuma su suka fi araha. A nan ake samun ART Tube MP na Amurka, wanda a baya aka shekara da shekaru ana sayar da sabonsa ƙasa da dala 100, da Behringer MIC100 da MIC200, da PreSonus TubePre. Kwalbar da ke cikinsu ita ce 12AX7, dangin wadda ake samu a tsofaffin rediyoyi. A manyan na'urori, irin wannan kwalba tana aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 200 ko fiye. A yawancin ƙananan akwatunan nan kuwa, bolt 'yan gomomi ake ba ta, kuma wasu ƙananan kayan lantarki ne ke yin mafi yawan ɗagawar, ita kwalbar ɗan launi kawai take ƙarawa. Hasali ma, akwai kamfanonin da ke sa ƙaramin ƙwai a bayan kwalbar don ta riƙa haske a idon mai saye. Wannan ba ya nufin ba su da amfani. Suna ba da 48V, suna karɓar jita da fiyano, kuma wani yakan so ɗan kaurin da suke sa wa murya. Amma idan aka murɗa su sosai, sautin yakan dushe ko ya fashe. Studio Projects VTB1 ya ɗan fi su dabara, domin yana da mamurɗi na daban da mutum zai rage kwalbar ko ya cire ta daga sautin gaba ɗaya.

Gida na biyu su ne masu tsabta, waɗanda ba ruwansu da ado. Fitacce a cikinsu shi ne M-Audio DMP3. Yana ɗaukar makirufo biyu, yana ɗagawa har desibel 66, kuma an daina ƙera shi, don haka sai dai na hannu. Ga masu waƙar namiji da mace irin ta fim, ko masu hira da mutum biyu, ƙofa biyun nan ba ƙaramin abu ba ne. Sama da shi akwai RNP na kamfanin FMR Audio da ke jihar Tekzas. Shi ma ƙofa biyu ne da desibel 66, sai dai mamurɗinsa tsalle yake yi shida-shida, kuma ko na hannu kuɗinsa ya ninka na DMP3. A ido ba shi da fasali, kamar akwatin da yaro ya haɗa, amma a kunne ake gane shi.

Gida na uku su ne masu taransifoma, masu kwaikwayon manya. A 1970 ne wani injiniya ɗan Ingila, Rupert Neve, wanda ya rasu a 2021, ya fitar da firiyam mai lamba 1073, wanda har gobe manyan situdiyoyin duniya ke ji da shi saboda kaurin da yake ba murya. Kamfanin Golden Age Project na ƙasar Suwidin ya bi tsarinsa ya yi Pre-73 mai sauƙin kuɗi, wanda ke ɗagawa har desibel 80. A cikin duk waɗanda aka lissafa, irin wannan ne mutum zai jona ya ji muryar ta canza kama a fili. Mai siririyar murya zai fi jin daɗinsa. Sai dai makirufo ɗaya yake ɗauka, kuma shi ma ba na ƙaramin aljihu ba ne.

Gida na huɗu ba firiyam ne cikakke ba, 'yan taimako ne da ake sawa tsakanin makirufo da sawunkad. Cloudlifter CL-1 yana ƙara desibel 25, FetHead kuma 27. Da wutar 48V suke aiki, amma ba sa miƙa ta ga makirufo, don haka na dainamik ne, ba na kwandansa ba. Wanda ya sayi Shure SM7B, ƙanin SM7 ɗin da aka ɗauki muryar Michael Jackson da shi a faifan Thriller na 1982, zai tarar yana buƙatar desibel 60 kafin ya yi magana sosai. Irin wannan mutum ne ɗan taimakon zai fitar kunya.

Yanzu sai a ajiye waɗannan gidaje huɗu a gefe, a dubi sawunkad ɗin kansa. Focusrite Scarlett 2i2 ya fara fitowa a 2011. Zubi na uku da ya fito a 2019 yana da desibel 56, na huɗu na 2023 kuma 69. Behringer UMC202HD ma firiyam ɗin cikinsa ba abin rainawa ba ne. Gaskiyar magana, wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan tare da makirufo kwandansa, idan ya ɗora musu firiyam mai kwalba na gida na farko, da wuya ya ji ci gaba. Sau da yawa ma baya zai koma.

WUTA, ZAFI DA ƘURA

Kafin a zo maganar daɗin sauti, akwai tarkon da ya fi kowane cin kuɗi, wato adafta. Wutar Nijeriya da Nijar da Gana tana tsakanin bolt 220 zuwa 240 ne, ta Amurka kuwa 120. Akwatin da ya zo daga Amurka da adaftarsa ta asali, idan aka soka ta a bango kai-tsaye, hayaƙi ne zai biyo baya. Dole a karanta rubutun da ke jikinta. In an ga 120V kaɗai, sai da taransifomar rage wuta. Kayan Ingila da sauran ƙasashen Turai ba su da wannan matsala.

Tarko na biyu ya fi wannan ɓuya. Adaftar Tube MP da MIC100 da DMP3 bolt 9 take fitarwa, ta Pre-73 kuma 24, amma dukkansu wutar AC ce, ba DC ba. Adaftocin da suka cika kasuwa, irin na rediyo da dikoda, kusan duk DC ne. Bakinsu zai iya shiga ramin daidai, har ƙwan akwatin ya kama, amma aikin ba zai yi ba, wani lokaci ma a jawo ɓarna. Saboda haka firiyam ɗin da ba shi da adaftarsa, ko aka haɗa shi da wadda rubutunta bai yi daidai da na bayan akwatin ba, ba araha ba ne ko nawa aka rage. Araha ba ta ado.

Sai kuma yanayin ƙasa. Ƙurar hunturu tana shiga cikin mamurɗai, shi ya sa ake jin ƙaras-ƙaras idan ana juya su. Wannan ƙaramin ciwo ne, mai gyaran rediyo zai fesa maganin wanke su ya wuce, kuma dalili ne na neman ragi. Zafin bazara kuwa yana busar da kafasito na tsohuwar na'ura, daga nan sai a fara jin gunji "huuum" da ba ya tafiya. Amma ba kowane gunji ne laifin akwati ba. Gidan da wayarsa ba ta da layin ƙasa, ko janareta mai rawar wuta, ko cajar kwamfuta ta jabu, duk suna kawo shi. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a zare cajar kwamfutar a bar ta a kan batir. In gunjin ya ɗauke, akwatin ba shi da laifi.

YADDA AKE GWAJI A SHAGO

Mai saye ya tafi da kayansa: makirufonsa, da wayar XLR da ya tabbatar lafiyarta lau, da sawunkad, da kwamfuta mai caji, da abin ji na kunne. Mai shagon da ya ƙi a gwada, ya riga ya ba da amsa.

Da farko a jijjiga akwatin a ji ko wani abu na yawo a ciki, a shinshina a ji ko akwai ƙaurin ƙuna, a dubi kusoshin a ga ko an sha kwance su. Sannan a jona shi a ƙofar LINE ta sawunkad, a kashe 48V na sawunkad ɗin. Masu jona firiyam a ƙofar makirufo suna ɗaga sauti sau biyu ne, shi ya sa yake fashewa su ce akwatin ne ba shi da kyau.

Daga nan a gwada 48V. A rage sauti tukuna kafin a danna maɓallin, domin ƙarar da yake yi tana iya cutar da kunne da lasifika. Wanda ya je da mitar masu gyaran rediyo zai iya aunawa a ramin XLR, tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, sannan tsakanin ta 1 da ta 3. Ƙa'ida ita ce a ga tsakanin bolt 44 da 52, kuma ɓangarorin biyu su zo daidai. In ya gaza haka da nisa, wani makirufon zai yi magana amma a raunane.

Sai a murɗa GAIN a hankali daga ƙasa har sama ana magana. A danna kowane maɓalli. In ƙofa biyu ce, a gwada kowace. Kada a yi gaggawa, a bar shi a kunne kamar minti 15 ko 20, domin akwai ciwon da ba ya bayyana sai na'ura ta ɗau zafi, musamman masu kwalba. Ita kwalbar kanta ana canza ta, kuma 12AX7 ba ta wuyar samu a duniya, amma a tambayi mai gyara ko yana da ita kafin a dogara da hakan.

Wajen kwatanta biyu kuwa, akwai wayon da kunne ke yi wa mai shi: duk sautin da ya fi ƙara, shi kunne zai ce ya fi daɗi. Mai shago ya san wannan sarai. Don haka a ɗauki baiti ɗaya da kowane akwati, da makirufo ɗaya, a tazara ɗaya, kamar taƙi guda daga baki, a daidaita su yadda mitar kwamfuta za ta riƙa kaiwa wajen -12 a kowanne. A ɗauki na uku da sawunkad zalla, ba firiyam. A ƙarshen kowace ɗauka a yi shiru na daƙiƙa 10, domin a cikin shirun ne "shiii" ke tona kansa. Baitin ya kasance mai yawan "ts" da "sh" da "ƙ", don waɗannan haruffa ne ke fallasa firiyam mai kaushi, sai a ji suna sukar kunne. In da hali a samu mace ta rera ita ma, tunda muryar zabiyoyin fim sama take tafiya, kuma akwatin da ya yi wa namiji kyau ba lallai ya yi mata ba.

Bayan an gama, a ba aboki ya riƙa kunna su a hargitse, mai saye ya juya baya yana saurare bai san wanne ne wanne ba. A saurara a abin ji na kunne, a kuma saurara a lasifikar waya, tunda a nan yawancin masoya za su ji waƙar. In mutum ya kasa bambance na firiyam da na sawunkad zalla, to ya mayar da kuɗinsa aljihu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kori gani.

Masu saye ta waya daga wani gari su ƙara kula. Hoto ba ya nuna gunji. A nemi bidiyon da ake magana ta cikin akwatin, da hoton adafta inda rubutunta ke karantuwa, kuma a samu wani amintacce a can ya je ya gani kafin a tura kuɗi. In ba haka ba, cinikin biri a sama ne.

TO, WA YA KAMATA YA SAYA?

Mutum uku ne. Na farko, mai makirufo dainamik da sawunkad ɗinsa ya gaza ɗagawa sai an kai mamurɗi ƙarshe. Shi FetHead ko Cloudlifter ko DMP3 za su share masa hawaye. Na biyu, mai tsohuwar miksa ko sawunkad da ba shi da 48V, ga shi ya samu kwandansa. Ko Tube MP ya ishe shi fara aiki. Na uku, wanda ya riga ya gyara komai, ya san muryarsa, yana neman wani kauri na musamman. Shi ne zai tara kuɗin Pre-73 ko RNP.

Wanda ba ya cikin ukun nan, kuɗinsa sun fi amfani a wani wurin. Ɗaki mai bangon siminti tsirara da rufin kwano yana mayar da murya kamar ana waƙa a cikin rijiya, kuma babu firiyam a duniya da zai cire wannan. Katifa a jingine a bango, da barguna masu kauri a bayan mai waƙa, da labule, da kashe fanka, da nesanta janareta, da 'yar ragar nan da ake sawa gaban makirufo don tare iskar baki, waɗannan za su canza ɗauka fiye da kowane akwati mai haske. Masu dogaro da Auto-Tune ma su sani, manhajar ta fi kama murya daidai idan an ba ta sauti mai tsabta. In akwai gunji da hayaniya a ciki, sai ta riƙa tuntuɓe.

Jerin dai shi ne: ɗaki, sannan makirufo, sannan sawunkad, firiyam a ƙarshe. Mawaƙan da suka yi tashe a farkon shekarun 2000, da yawansu kayan da aka ɗauke su da su ba su kai ingancin ƙaramin sawunkad na yau ba, amma har yanzu ana neman waƙoƙinsu, saboda murya da baiti da kari ne suka riƙe su.

A fitowa ta gaba, in Allah ya yarda, filin zai duba yadda ake gane makirufo na jabu, musamman SM58 da aka cika kwaikwayonsa. Kafin nan, Allah ya sa a saya a sa'a, ya kuma raba kowa da asara.